RA'AYINMU: Ɗaurin Talala A Kasuwar Wasannin Kwamfuta: Me Mai Saye Ya Mallaka?

A ranar 31 ga Maris, 2024, kamfanin Ubisoft na ƙasar Faransa ya kashe sabar wasan tseren motoci mai suna The Crew, kusan shekara goma bayan fitowarsa a 2014. Tun daga ranar wasan ya daina buɗewa ga kowa, har da wanda ya saye shi a faifai, har da wanda ba ya son tsere da kowa sai shi kaɗai a ɗakinsa, domin tun farko an gina shi ne yadda ba zai tashi ba sai ya gaisa da kwamfutocin kamfanin ta intanet. Ba a yi wata guda ba masu wasan suka tarar an janye lasisinsa daga asusunsu, ta yadda ko sake sauke shi ba za su iya ba. In ban da waɗanda suka saya dab da rufewa, babu wanda aka mayar wa ko sisi. Da wasu suka shigar da ƙara a jihar Kaliforniya, amsar lauyoyin kamfanin ita ce masu ƙarar ba su taɓa mallakar wasan ba, izinin amfani da shi kawai suka biya.

Mun san akwai mai karatu, musamman ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa kafin tsakiyar wata, da zai ce ina ruwan shafin ra'ayi da wasan yara. Kuɗin dai ba na yara ba ne. Sabon babban wasa a yau dala 60 zuwa 70 ne, kuma a farashin da dala ta yi ta kai-komo kusa da naira 1,500 a 2024 da 2025, dala 70 ta haura naira 100,000, wato ta zarce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Akwai gidaje a Abuja, Legas da Kano da 'ya'yansu, wani lokaci ma iyayen da kansu, suka shafe shekaru suna tara wasanni a asusu ɗaya. Abin da ya fi damun mu kuwa shi ne, irin yarjejeniyar da aka gwada a kasuwar wasanni aka ga ta karɓu, ita ce ke tafiyar da cinikin littattafai, fina-finai, waƙoƙi da manhajojin ofis a intanet, har da waɗanda ma'aikatun gwamnati ke biya da kuɗin jama'a.

Harshenmu bai taɓa ruɗewa a kan wannan batu ba. Saye daban, haya daban, aro daban, jingina daban, ajiya daban, kowanne da hukuncinsa. Idan mai kaya ya ce ya sallama, aka biya shi, ciniki ya faɗa, to hannunsa ya fita. Mai saye ya ga dama ya yi amfani da abinsa, ya ga dama ya ba da aro, ya sayar, ya yi kyauta, in ya kwanta dama magada su raba. Dandalan sayar da wasanni sun karɓi kuɗin saye, sun rubuta kalmar saye a kan maɓallin da ake latsawa, amma abin da suka miƙa ya fi kama da aron da mai kaya bai faɗi ranar karɓa ba.

Mafi girma a cikinsu shi ne Steam, na kamfanin Valve da ke jihar Washington ta Amurka. An buɗe shi a 2003, amma bai kafu ba sai a Nuwamban 2004, lokacin da Valve ya wajabta wa duk mai son buga Half-Life 2 ya buɗe asusu, ko da kuwa a kanti ya sayi faifansa. An yi ta guna-guni a lokacin, daga baya aka saba. A watan Maris na 2025 adadin waɗanda ke kan dandalin a lokaci guda ya haura miliyan 40. Yarjejeniyar da kowannensu ya latsa amincewa da ita, galibi ba tare da ya karanta ba, ta faɗi ƙarara cewa lasisi ake bayarwa ba sayarwa ake yi ba, cewa asusun na mutum ɗaya ne, ba a sayar da shi, ba a miƙa shi ga wani, kuma kamfanin na iya rufe shi idan aka saɓa sharaɗi. Idan asusu ya rufu, abin da ke cikinsa ya rufu tare da shi, ko wasa biyu ne ko ɗari biyu.

Mazauna Abuja ba baƙin irin wannan bambanci ba ne. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wanda ke riƙe da takardar C of O ba ƙasar ya mallaka ba, haƙƙin zama a kanta aka ba shi, yawanci na shekara 99. To amma a duba abin da wannan haƙƙi ya ƙunsa. Yana da wa'adi a rubuce. Doka ta jera dalilan da za su sa a soke shi, kuma sai an ba da sanarwa. Idan don amfanin jama'a aka karɓe, akwai diyyar abin da aka gina. Ana iya sayar da shi da amincewar hukuma, ana iya jinginar da shi a banki, ana gadonsa, kuma wanda yake ganin an zalunce shi yana da kotu a cikin garin da yake zaune. Duk da waɗannan kariya, kowa ya san irin tayar da jijiyar wuyan da ake yi a duk lokacin da Ministan Babban Birnin Tarayya ya soke filaye. Lasisin wasa ba shi da wa'adin da aka yi alƙawari, ba shi da diyya tabbatacciya idan an daina tallafa wa wasan, ba a sayar da shi, ba a gadonsa, kuma kotunan da yarjejeniyar Steam ta nuna wa mai ƙorafi suna gundumar King ne a jihar Washington. Matashin da ke Kubwa ko Nyanya ba zai nemi biza saboda dala 70 ba, kuma wanda ya rubuta sharaɗin ya san da haka.

Saboda haka ƙorafinmu ba wai don an kira abin lasisi ba ne. Manhaja tun zamanin faifai lasisi ce, haƙƙin mallakar fasahar yana hannun wanda ya ƙirƙira, kamar yadda wanda ya sayi littafi bai sayi izinin buga shi ba. Bambancin shi ne a da faifan yana hannunka, kuma babu marubucin da ke iya shiga ɗakinka ya ɗauke littafinsa. Yanzu hannun mai sayarwa yana cikin kayan har abada. Masu karatun Kindle sun ga haka tun a Yulin 2009, lokacin da Amazon ya goge littafin George Orwell mai suna 1984 daga na'urorin mutanen da suka biya, duk da cewa ya mayar musu da kuɗinsu.

Maganar gado ta cancanci a tsaya a kanta. A watan Mayun 2024 amsar da sashen kula da abokan ciniki na Steam ya ba wani mai tambaya ta bazu a duniya: asusu da wasannin da ke cikinsa ba sa komawa ga wani, ko da ta hanyar wasiyya. A al'ummarmu, inda ake lissafa abin da mamaci ya bari har tabarma da buta don kada haƙƙin maraya ya salwanta, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mutum ya kashe dubban ɗaruruwan naira a kan abin da, ranar da ya rasu, darajarsa a wajen iyalinsa ta koma sifili. Abin da mutane ke yi shi ne su bar wa ɗa ko ƙane kalmar sirri, wanda kuma saɓa wa yarjejeniyar ne. Wato hanya ɗaya tilo da magaji zai ci gajiyar abin da mahaifinsa ya biya ita ce ya yi shigar burtu da sunan mamacin.

Mai ra'ayin kasuwa zai ce wanda bai gamsu ba ya koma wani kanti. Nan ne ɗaurin talala ya shigo. Dabbar da aka ɗaure da doguwar igiya tana kiwo, tana zagayawa, ba ta jin an ɗaure ta sai ranar da ta nufi nesa. Wasan da aka saya a Steam ba ya komawa Epic ko wani dandali. Wanda ya ƙaura sai ya sake saye daga farko. Ba wasannin kaɗai ba ne ke riƙe shi. Jerin abokansa yana can, matakin da ya kai a kowane wasa yana ajiye a sabar kamfanin, gyare-gyaren da sauran 'yan wasa suka ƙirƙira suna can, kayan ado na cikin wasa da ya saya suna can, ragowar kuɗin da ke lalitarsa ta Steam kuma ba a cire su zuwa banki, a nan kaɗai ake kashe su. Duk sabon wasan da ya ƙara saya yana ƙara tsadar tafiyarsa. Rangwamen da dandalin ke yi a lokutan bazara da ƙarshen shekara, wanda ke sa mutane sayen wasannin da ba za su taɓa buɗewa ba, shi ma yana ƙara wa igiyar kauri.

Ƙarfin wannan ɗauri ba zato ba ne, an gwada shi da kuɗi masu yawa. A Disamban 2018 kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya buɗe nasa kantin da la'adar kashi 12 cikin ɗari, alhali Valve na karɓar kashi 30 daga yawancin masu ƙirƙira, sai wasan da cinikinsa ya wuce dala miliyan 10 ne ake sassauta wa zuwa 25, sannan 20 bayan miliyan 50. Epic ya yi ta raba wasanni kyauta kowane mako, ya kuma biya kamfanoni don su hana Steam sababbin wasanninsu na wani lokaci, kamar yadda aka janye Metro Exodus 'yan makonni kafin fitowarsa a farkon 2019. Duk da haka, a shaidar da aka bayar gaban kotu a Nuwamban 2023, an amsa cewa kantin bai fara cin riba ba. Electronic Arts, da ya juya wa Steam baya a 2011 ya kafa nasa dandalin Origin, ya dawo a 2019. Ubisoft da Activision su ma sun dawo a 2022. Idan manyan kamfanoni masu biliyoyin daloli sun kasa janye jama'a daga inda taskarsu take, ba za a ce wa ɗan makaranta ya hukunta dandalin da ƙafarsa ba. Kuma a lura, abin da masu hamayyar suka kawo ba kwance igiya ba ne, kowa turkensa ya kafa.

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Mutane ba don tilas kaɗai suke zaune a Steam ba. Dandalin yana aiki, kuma a al'adarsa wasan da aka cire daga kanti yakan ci gaba da zama a taskar wanda ya riga ya saya. Tun 2024 yana barin mutum shida na gida ɗaya su yi tarayya a wasanninsu. Ya kuma buɗe wa ƙananan masu ƙirƙira ƙofar da dillalan faifai ba su taɓa buɗewa ba: da dala 100 ake shigar da wasa, kuma ta nan ne wasan Aurion na kamfanin Kiro'o Games na Kamaru ya isa kasuwar duniya a 2016. Amma duk wannan kirki ne na kamfani, ba haƙƙi ne na mai saye ba. Valve kamfani ne mai zaman kansa da ba ya kasuwar hannun jari, kuma halinsa ya rataya ne a kan mutanen da ke tafiyar da shi yau, ƙarƙashin Gabe Newell. Shugabanci na sauyawa, kamfani na sauya hannu, sharuɗɗa kuma a rana ɗaya ake sake rubuta su a turo wa mutum ya latsa ya amince, in yana son ya ci gaba da shiga taskarsa.

Kamfanonin suna da hujjojinsu, kuma ba duka ne na banza ba. Sabar tana cin kuɗi, ba za a kunna ta har abada saboda 'yan wasa ƙalilan ba. Izinin amfani da waƙoƙi da sunayen motoci da ke cikin wasa yana da wa'adi. Ƙungiyar Video Games Europe, wadda ke magana da yawun manyan kamfanonin a Turai, ta yi gargaɗi a Yulin 2025 cewa tilasta musu barin wasanni a raye zai tsauwala kuɗin ƙirƙira. Sai dai babu mai hankalin da ya nemi a riƙe sabar har abada. Abin da ake nema shi ne, ranar da kamfani zai tafi, ya bar abin da ya sayar cikin yanayin da zai iya tashi ba tare da shi ba. Ubisoft da kansa ya rushe hujjar cewa hakan ba ya yiwuwa, domin bayan ce-ce-ku-cen da ya biyo baya ya yi alƙawarin sanya wa The Crew 2 da The Crew Motorfest hanyar bugawa ba tare da intanet ba. Akwai kuma GOG, kantin da kamfanin CD Projekt na ƙasar Poland ya buɗe a 2008, wanda ke ba mai saye cikakken fayil marar makulli ya ajiye a rumbunsa. Shi ma lasisi yake sayarwa, amma ko kantin ya rufe gobe, wasan zai buɗe jibi.

Ɗan Nijeriya ya fi takwaransa na Turai shiga haɗari a wannan ciniki, kuma dalilan na cikin gida ne. Steam ba ya sa farashi da naira, da dala ake biya. Daga 2022 bankunan ƙasar nan suka yi ta rage abin da katin naira zai iya saya a waje har suka dakatar, sai a tsakiyar 2025 wasunsu suka dawo da shi. A tsawon wannan lokaci matasa sun koma sayen katin kyauta daga 'yan tsakiya, ko su ɓoye ƙasar da suke ta hanyar manhajar sauya adireshi don su samu farashin wata ƙasa mai rahusa, ko su sayi asusun da wani ya riga ya cika da wasanni. Biyun ƙarshen nan yarjejeniyar ta hana su, kuma kowannensu dalili ne da za a iya taƙaita asusu ko rufe shi. Wanda matsalar canjin kuɗi ta tura hanyar bayan gida, shi ne kuma ba shi da bakin magana ranar da aka rufe ƙofa.

Ga kuma batun na'ura. Yawancin kwamfutocin da ke hannun jama'a na hannu ne, daga Banex a Wuse ko Computer Village a Ikeja. A ranar 1 ga Janairu, 2024, Steam ya daina tallafa wa Windows 7 da 8. Wasan da aka saya shekara goma da suka wuce, wanda tsohuwar kwamfuta ke ɗauka lafiya lau, bai sauya ba, mai gadin ƙofarsa ne ya ce sai an sayi sabuwar na'ura. Abin takaicin, wanda ba ma jin daɗin faɗa, shi ne kwafin sata da aka karya wa makulli ba ya fuskantar irin wannan matsala. Ba ma goyon bayan satar fasaha, mun ga abin da ta yi wa kasuwar faifan Kannywood. Amma tsarin da ke sa wanda ya biya ya fi wanda ya sata shan wahala, yana koya wa matasa darasin da babu hukumar da za ta iya gogewa da wa'azi.

Sauran ƙasashe ba su zauna ba, ko da yake sakamakon ya bambanta. A Faransa ƙungiyar kare masu saye ta UFC-Que Choisir ta yi nasara a kotun farko a 2019, inda aka ce mai saye na da damar sake sayar da wasansa, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2022, kotun ƙoli kuma ta tabbatar da sokewar a Oktoban 2024. Wannan ƙofa ta rufu a can. Jihar Kaliforniya ta bi ta wata hanya mai sauƙi: dokar AB 2426, da Gwamna Gavin Newsom ya sa wa hannu a Satumban 2024 ta fara aiki a farkon 2025, ta hana amfani da kalmar saye ga kayan dijital sai an bayyana wa mutum a fili cewa lasisi ne, in ban da abin da zai iya saukewa ya riƙe dindindin. Tun kafin dokar ta fara aiki Steam ya sanya sanarwar a wurin biya. A Tarayyar Turai kuwa, gangamin Stop Killing Games da Ba'amurke Ross Scott ya fara saboda The Crew ya tara sa hannun mutum fiye da miliyan ɗaya a Yulin 2025, adadin da ke wajabta wa Hukumar Tarayyar ta duba buƙatar idan an tantance shi.

Darasin da ya fi kusa da mu na Ostiraliya ne. A 2014 hukumar kare masu saye ta ƙasar ta maka Valve a kotu saboda shaida wa jama'a cewa ba a mayar da kuɗi. Valve ya kafa hujja da cewa ba ya gudanar da kasuwanci a Ostiraliya, kuma dokar jihar Washington ce ke hukunta yarjejeniyarsa. Kotun tarayya ta yi watsi da hujjar a 2016, ta ce wasannin kaya ne a idon dokar ƙasar, ta kuma ci tarar kamfanin dalar Ostiraliya miliyan 3. Ana cikin shari'ar ne, a Yunin 2015, Steam ya fito da tsarin mayar da kuɗi ga duk duniya, muddin ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma ba a buga wasan ya kai awa biyu ba. Ɗan Nijeriya da ya taɓa karɓar kuɗinsa daga Steam ya ci albarkacin matsin da hukumomin wasu ƙasashe suka yi ne.

Nijeriya na da makamin da ya isa a fara da shi. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018 ta ba mai saye haƙƙin samun bayani cikin harshe mai sauƙin fahimta, ta hana yaudara a talla, ta kuma hana sharuɗɗan da suka karkata ga ɓangare ɗaya fiye da kima. Hukumar FCCPC ta nuna cewa nisan hedikwatar kamfani ba ya hana ta aiki, lokacin da ta ci tarar Meta dala miliyan 220 a Yulin 2024, kotun sauraron ƙararrakin gasa kuma ta tabbatar a Afrilun 2025. Haka nan tun 2022 doka ta ɗora wa kamfanonin waje masu sayar da hidimar dijital karɓar harajin kayan masarufi na kashi 7.5 a madadin gwamnati. Gwamnatin da ta san hanyar gidan waɗannan kamfanoni ranar karɓar haraji ba za ta ce ta ɓace ba ranar kare wanda ya biya harajin.

Abin da muke kira ga FCCPC ta yi shi ne ta fitar da ƙa'idar kayan dijital gaba ɗaya, ba ta wasanni kaɗai ba. Duk inda aka rubuta saye, a faɗa wa mutum kafin ya biya ko abin zai zauna a hannunsa ko ya dogara da sabar kamfani, da mafi ƙarancin lokacin da aka lamunce masa. Kamfanin da zai janye abin da ya sayar ya ba da sanarwa mai tsawo, sannan ya zaɓa tsakanin barin sa yana aiki ko mayar da kuɗi. Rufe asusu saboda laifi ɗaya kada ya cinye duk abin da aka biya da halaliya, a kuma samar da hanyar ɗaukaka ƙorafi da mutum zai bi daga inda yake. Magajin da ya gabatar da takardar kotu a miƙa masa taskar mamaci. Mun san kasuwar Nijeriya ƙarama ce a lissafin Valve, kuma mafi yawan matasanmu a waya suke wasa ko a shagunan PlayStation. Shi ya sa ya kamata a kai maganar teburin yarjejeniyar cinikin dijital ta kasuwar bai-ɗaya ta Afirka, wadda shugabannin nahiyar suka amince da ita a Fabrairun 2024, domin muryar ƙasashe da yawa ta fi ta ƙasa ɗaya nauyi.

Batun ƙaura da taska daga dandali zuwa dandali ya fi wuya, domin kantin da bai ci la'ada ba zai tambayi wa zai biya shi ɗawainiyar saukewa. Amma mun taɓa jin irin wannan kuka. Kafin Afrilun 2013 lambar wayar mutum fursuna ce a hannun kamfanin da ya ba shi layi, sai Hukumar Sadarwa ta NCC ta kawo tsarin ƙaura da lamba, kuma sama ba ta faɗo ba. GOG ma ya taɓa gwadawa daga 2016, inda na wasu shekaru ya bar masu wasu wasanni a Steam su karɓi kwafinsu a wajensa kyauta. Fasahar tana nan, yardar masu wallafa wasannin ce ta yi ƙaranci. Hukumar Kare Haƙƙin Mallakar Fasaha ita ma tana da aiki. Dokarta ta 2022 ta haramta karya makullin dijital, don haka ya dace ta fayyace matsayin wanda ya biya abin da mai shi ya yi watsi da shi, da na ɗakunan adana tarihi. Binciken gidauniyar Video Game History Foundation na 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa.

Hanya ɗaya da muke gargaɗin a guje mata ita ce toshewa. A ƙarshen Yulin 2022 Indonesiya ta toshe Steam na 'yan kwanaki saboda bai yi rajista da gwamnati ba, kuma waɗanda suka ji a jikinsu 'yan ƙasar ne da suka riga suka biya. Mu ma mun ga abin da dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ya jawo wa masu ƙananan sana'o'i. Hukuncin da zai raba mai saye da kayansa da sunan kare shi, gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Ga daraktoci da mataimaka na musamman da ke duba takardun kwangila kafin su isa teburin minista, wannan labari ya shafi ofis kai tsaye. A Oktoban 2019 kamfanin Adobe ya sanar da cewa zai rufe asusun duk masu amfani da manhajojinsa a Venezuela saboda takunkumin Amurka, kafin daga baya ya samu izinin ci gaba. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar sauya kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 daga manhajojin Microsoft zuwa waɗanda kowa ke da damar duba ƙirarsu, don kada ragamar bayananta ta zauna a hannun kamfani ɗaya. A daidai lokacin da ake matsa wa ma'aikatun tarayya su bar fayil na takarda su koma kwamfuta, kowace sabuwar manhaja turke ce da ake kafawa. Hukumar NITDA, wadda ke tantance ayyukan fasahar sadarwa na ma'aikatu, da Hukumar Kula da Bayar da Kwangiloli ta BPP, bai kamata su bari kwangila ta wuce ba sai ta amsa tambayoyi uku a rubuce: a wane tsari za a miƙo wa gwamnati bayananta ranar da aka rabu, kwana nawa za a ba ta ta kwashe, kuma nawa za a caje ta kuɗin fita.